Sadakar Babin Ƙarshe

Bango ɗaya ne tsakanin ajina da na Smaranda Vlădoianu, shi ma na katako ne da aka shafe da farar ƙasa, don haka ɗan Turancin da na iya ta jikin bangon nan ya shige ni, ba da sona ba. Ni lissafi nake koyarwa. Ita ce malamar Turanci a makarantar ƙauyenmu ta bakin kogin Olt, daga aji biyar zuwa aji takwas, tun kafin a turo ni har na fara furfura. Mutane suna cewa mu ƙawaye ne. Ni dai abin da na sani shi ne mun daɗe muna shan gahawa a teburi ɗaya, kuma ban taɓa cin ta da gardama ba, abin da har gobe yake ƙona mini rai.

Ubanta mai gadin shingen jirgin ƙasa ne, inda titin Slatina ya ratsa layin dogo. A ɗan gidan nan ta tashi, tana kallon jirage suna wucewa ba mai tsayawa. Ta yi karatu a birnin Craiova, ta dawo da takardar shaida da ƙamus mai kaurin bulo, ta auri wani makanikin tarakta mai yawan dariya. Ya rasu ba su haihu ba, ita kuma ba ta sake aure ba. Doguwa ce siririya, kullum cikin suwaita mai ruwan toka, a kan keken da ya girmi ɗalibanta. Ingila kuwa ba ta taɓa taka ta ba, alhali rabin iyayen 'yan ajinta can suke, wasu na tsinkar 'ya'yan itace, wasu na jinyar tsofaffi. In na tsokane ta da wannan sai ta ce, "Ke kin taɓa zuwa garin su lissafi?"

Ba ta yarda da haddar kalmomi ba. Cewa take kalmar da ba ka taɓa da hannunka ba aro ce, mai ita zai zo ya karɓe abinsa. Saboda haka ajinta ya zama kamar ranar kasuwa, wannan ya zo da rariya, wancan da takalmin doki. Wani yaro ya taɓa zuwa da kaza mai rai, ta fita ta tagarsu ta shigo ta tawa ina tsakiyar koyar da rabawa. Kalmomin da ba sa shiga jaka, irin su rowa da girman kai, sai ta ce yara su je su nemo wanda suka dace da shi a ƙauye, su zo su kafa hujja. Limamin cocinmu ya yi shekara ba ya amsa gaisuwarta, don an kawo sunansa a kan kwaɗayi, da hujjoji masu ƙarfi. Ni ma an kawo nawa a kan masifa. Na je na same ta na wanke ta tas, ta tsaya tana kallona har na gama, sannan ta ce yaron ya ci maki goma bisa goma.

Wajen insha'i ma ba ta da sauƙi. Duk wanda ya rubuta mata cewa labari ya yi daɗi kuma ya koya mana darasi, takardarsa za ta dawo masa ba maki. "Ban ce ka yi mini wa'azi ba," nakan ji ta ta bango. "Wa ya ba ka haushi a labarin? Me ya yi? Nuna mini shafin." Abin da ta fi tsana shi ne yaro ya rubuta abin da bai yarda da shi ba don ya faranta mata. Ƙarya take kiran wannan, komai kyan Turancinsa.

Sai kuma littafin 'yan aji bakwai. Kwafi ɗaya ne a duk ƙauyen, ta saye shi hannun wani mai tsofaffin littattafai a Craiova, kuma ba ya rabuwa da jakarta. Babi-babi take buga musu shi a injin ofishin magajin gari. Labarin wata yarinya ne da uwarta ta tafi aiki gari mai nisa ta bar ta hannun dangi. Da farko saƙo yana zuwa, daga baya ya ɗauke, sai yarinyar ta kama hanya ta tafi nemanta. Babi na kusa da ƙarshe yana ƙarewa ne tana tsaye bakin wata koriyar ƙofa, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa. A nan Smaranda take taka burki. Ba mai jin babin ƙarshe sai kowa ya rubuta insha'i a kan abin da yake ganin yana bayan ƙofar, da dalilinsa daga cikin littafin. Shi wannan babin ba ta buga shi a takarda, da bakinta take karanta musu shi sau ɗaya. 'Yan aji takwas kuwa ko za a yanka su ba sa faɗa, don mugunta irin ta yara: yadda muka sha jira ku ma ku sha.

A shekarar da nake magana akwai wata yarinya a aji bakwai, Mirabela Cârstea. Hannun kakarta take, Inna Tudora, a gidan ƙarshe kafin a gangara kogi. Uwarta tana Ingila tana aikin cika kwalaye a wata masana'anta. Duk ƙauyen an san ta samu wani miji a can har ta haihu, amma ba wanda ya gaya wa yarinyar, kakar ta hana. Mirabela ta fi kowa Turanci a ajin, don cewa take in uwarta ta aiko a kai ta, ba ta son ta je ta ba ta kunya.

Ranar Juma'ar da aka tsaya bakin koriyar ƙofa, ta biyo Smaranda har ɗakin malamai. Ina zaune ina cin burodi da cuku.

"Malama, ki gaya mini kawai. An buɗe?"

"Je ki rubuta insha'inki. Ranar Litinin ki ji tare da kowa."

"Ba na son in yi zato, Malama. In na rubuta kuma ya zama ba haka ba ne fa?"

"To kin koyi wani abu ke nan."

Yarinyar ta ɗan tsaya tana murza gefen rigarta, sannan ta ce sai an jima, ta fita. Na ce, "Ke dai zuciyarki dutse ce. Kin fi kowa sanin ba littafi take tambaya ba."

"Na sani," in ji Smaranda. "Shi ya sa nake so ta fara rubutawa da hannunta."

Ranar Lahadi Mirabela ta kwanta da ciwon kai da zazzaɓi, wuyanta ya sandare. Sanƙarau ne. An kai ta asibiti a birni, kafin mako ya zagayo an dawo da ita cikin akwati, aka yi mata farar rigar amarya yadda muke yi wa duk budurwar da ta rasu. Uwarta ta zo, ta yi kuka har ta shiɗe, kwana kaɗan ta koma, wai wurin aiki ba su ba ta hutu ba. Insha'in dai ba a rubuta shi ba. Smaranda ta rufe littafin ta cusa a jaka, ta koma koya wa yara nahawu, ba wanda ya tambayi babin ƙarshe. Na yi baƙin cikin yarinyar nan sosai, na kuma ji haushin Smaranda, amma da na ga yadda ta rame sai na kama bakina.

A makon ne na fara jin ƙwanƙwasa a bango. Duk lokacin da 'yan aji bakwai suke ajinta, sai in ji an buga katakon a hankali, irin bugun mai jin nauyin masu gida. Na ɗauka Smaranda ce take cewa in rage murya, don ina da murya. Na rage, aka ci gaba. Rannan na fusata na tare ta a baranda na ce in tana da magana ta zagayo ta faɗa mini a fuska.

Ta dube ni. Ta ce, "Aurica, ni na ɗauka ke ce."

Bencin da ke jingine da bangon ta ɓangarenta na Mirabela ne, kuma tun rasuwar ba yaron da ya yarda ya zauna a kai. Na ce katako ne yake motsi saboda sanyi. Ta ce e, haka ne. Muka tafi muka sha gahawarmu.

Ana haka Inna Tudora ta zo makaranta lokacin hutun tara, cikin baƙin ɗankwali, da farantin koliva, dafaffiyar alkamar da ake rabawa domin mamaci. Ta ba kowa cokali, muka ce Allah ya jiƙanta. Sannan ta zauna gaban Smaranda ba tare da an ba ta kujera ba.

"Malama, me kika riƙe wa jikata?"

"Ban riƙe mata komai ba, Inna."

"Kin riƙe. Na ba da riga, na ba da takalmi, na ba da katifa sabuwa da teburi, na sa an ɗebi ruwa an kai gida-gida don kada ta ji ƙishi. Amma kullum na rufe ido ga ta tsaye bakin wata ƙofa koriya, hannu a sama. Na ce, 'yar nan zauna mana, ƙafa ba ta yi miki ciwo? Ta ce ba ta iya zama, Malama ba ta ba ta ƙarshen ba. Ƙarshen mene ne? In abin saye ne a gaya mini in saya."

A wajenmu ko jariri ya san mamaci ba ya samun komai a can sai abin da aka bayar dominsa a nan. In ya zo maka a mafarki ba takalmi, sai ka sayi takalmi ka miƙa wa wani sa'ansa ta saman kabarin, mai karɓa ya ce bogdaproste, kalmar godiyar da ake karɓar sadakar mamaci da ita, shi ke nan saƙo ya isa. Ni na yi jami'a, na bar wannan wa tsofaffi, ko da yake da uwata ta rasu sai da na ba da mayafi, don kada a ce. Amma ban taɓa jin an ba da sadakar babin littafi ba.

Na ce, "Inna, labari ne kawai. Ta ba ki shi tana da rai, shi ne ya zauna miki a ka."

"Ke mai lissafi, da ke nake?"

Smaranda fuskarta ta yi fari fat. Ta tambaya a hankali wa za ta karɓi sadakar babin.

"Catinca 'yar gidan Buzatu. Rana ɗaya aka yi musu baftisma, a ruwa ɗaya."

Da ba makoki ake ba da na yi dariya. Catinca ita ce ta ƙarshe a Turanci tun daga aji biyar. Gidansu tumatir suke nomawa a rumfunan leda, tun asuba take aiki, ta zo aji ta kifa kai ta yi barci. Smaranda ta ce to sai dai ta fassara mata babin da harshenmu.

"Da wane harshe jikata ta karanta sauran?"

"Da Turanci."

"To da shi za ki ba ta. Kuma sai mai karɓa ta gane. In na ba da takalmin da bai shiga ƙafar mai karɓa ba, ai ban ba da komai ba." Ta tattara farantinta ta miƙe. "Kafin arba'in, Malama. In arba'in ta cika rai ya wuce, a yadda ya tafi a haka zai tabbata. Ba zan bar ta a tsaye har abada ba."

Daga ranar, in an tashi makaranta Catinca takan zauna. Ina gyaran takardu a ajina ina jin su. Smaranda ta faɗi kalma, Catinca ta maimaita kamar mai tauna tsakuwa, gobe a tambaye ta ta ce ta manta. "Malama, kaina ba ya ɗauka. Ki nemo wata." Smaranda ta ce ai ba ita ta zaɓe ta ba, ta sake faɗi. Ban taɓa jin ta yi haƙuri da yaro irin wannan ba.

Sai dai kalmomin da nake ji sun dame ni. Runguma, yafiya, ɗaure kaya, komawa gida. Shekara da shekaru ina jin babin nan ta bango, na san shi kamar yunwar cikina. Uwar takan buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa. Ta ja yarinyar kicin don kada mijin ya ji, ta ba ta shayi, ta naɗe mata burodi a takarda, ta raka ta tasha ta ce kada ta sake zuwa sai ta rubuto tukuna. Yarinyar ta koma ita kaɗai a jirgi. Ba runguma a cikinsa ko ta kuskure.

Na zagaya bayan Catinca ta tafi. Na tarar da Smaranda da takardu uku da ta buga da kanta.

"Wannan ba daga littafin yake ba."

"A'a."

"Ke ce kuwa? Mai ba yara sifili don sun rubuta abin da ba su yarda da shi ba?"

"Kun ce abin da aka ba mamaci shi zai riƙe har abada. So kike in aika mata uwa mai goyo tana korarta zuwa tasha?"

"Ni ban ce na yarda da abin ba."

"Ni ma ban yarda ba," in ji ta. "Amma in da gaske ne fa, Aurica?"

Na karanta iya abin da zan iya ganewa. Ta rubuta shi da kyau, uwar ta buɗe ta faɗi a gwiwa ta rungume 'yarta, suka ɗaure kaya suka koma gida tare. Na ce ta kai wa Mirabela shi. Wannan ne karo na farko da na goyi bayanta a kan wani abu, kuma a kan ƙarya ne.

Ranar Asabar da safe muka je maƙabarta, hazon kogi bai gama ɗagawa ba. Inna Tudora ta kunna kyandir, ta zuba ruwan inabi a kan ƙasar. Smaranda ta tsaya ta wannan gefen kabarin, Catinca ta wancan, cikin takalmin da Inna ta ba ta sadaka. Smaranda ta karanta a hankali, tana tsayawa tana tambaya ko an gane. Catinca ta gane, har ta yi hawaye wajen rungumar. Aka miƙa mata takardun ta saman kabari, ta ce bogdaproste. Muka watse kowa ransa ya yi sanyi, har na sayi biredin zuma a hanya muka raba.

Ranar Talata ina cikin darasi na ji an buga bango. Alli ya karye a hannuna. Lokacin hutu ga Inna Tudora a ɗakin malamai, wannan karon ba faranti.

"Tana nan tsaye," in ji ta.

Smaranda ta ce, "Amma Catinca ta gane, Inna. Kin gani da idonki."

"Na gani. Amma jikata ta ce mini a mafarki ta ƙwanƙwasa, an buɗe, an rungume ta. Da ta ɗaga kai ta dubi matar, sai ta ga ke ce. Ta ce muryarki ce take fita daga bakin matar, har da suwaitarki. Shi ne ta ja baya, ƙofar ta rufe." Tsohuwar ta gyara ɗankwalinta. "Ni ban san me kika yi ba, Malama, ban iya karatu ba. Amma ba nata kika ba ta ba."

Ranar na tsare 'yan aji takwas ɗaya bayan ɗaya, na ce wane ɗan banza ne ya je ya gaya wa tsohuwa ainihin labarin. Duk suka rantse da iyayensu. Na tsare Catinca, ta ce ita ko sanin akwai wani ƙarshen ba ta yi ba. Ko ƙarya suka yi mini ko gaskiya, ban sani ba, kuma na daɗe da daina neman sani.

Smaranda ba ta tsare kowa ba. Ta ciro littafin daga jaka ta ajiye gaban tsohuwar, ta gaya mata abin da ke cikin babin ƙarshe da harshenmu, ba ta rage komai ba. Inna Tudora ta saurara hannayenta a kan cinya.

"Da goyo ta buɗe?"

"E, Inna."

"Namiji?"

"Namiji."

Tsohuwar ta dubi ƙasa. Ta ce, "Ba ta abinta. Mun ɓoye mata tana da rai. Kada mu ƙara."

Kwanaki kaɗan suka rage arba'in ta cika. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Smaranda da Catinca sun fafe. Smaranda ta je gidan Buzatu ta roƙi a ɗaga wa yarinyar aikin tumatir, uban ya yarda don ba mai son ya shiga tsakanin mamaci da sadakarsa. Ta zo da butar shayi aji, da tsohon tikitin jirgi, da burodi a naɗe cikin takarda, Catinca ta taɓa kowanne ta kira sunansa. Kalma ɗaya ta gagara, wadda ake kiran mutumin da ba ka sani ba, baƙon ido. Smaranda ta ce ta nemo wanda ta dace da shi a ƙauye. Sai na ji muryar Catinca ta bango.

"Uwar Mirabela, Malama. Ranar jana'iza. Sai da ta tambaya ina ake ajiye kofuna a gidansu."

"Kin samu," in ji Smaranda.

Ana gobe arba'in muka koma maƙabarta da hantsi. Rana ta fito, ba iska, amma kyandir ɗin sai rawa yake. Wannan karon daga littafin ta karanta. Ta ɗan tsaya inda uwar take jan yarinyar zuwa kicin, sannan ta ci gaba. Catinca ba ta yi kuka ba. Tana tsaye ƙyam, ido a kan bakin Malama, ba ta ko ƙiftawa, ita da ba ta iya minti biyar a aji ba ta yi hamma ba. Da aka kai inda jirgi ya tashi, yarinyar littafin ta warware takarda ta fara cin burodinta, Smaranda ta rufe littafin. Sannan ta miƙa shi gaba ɗaya ta saman kabarin, kwafi ɗayan nan da ba ta taɓa bari wani ya riƙe ba.

Catinca ta karɓa. Ba ta faɗi kalmar karɓa ba tukuna. Ta ce, "Malama, shi ke nan?"

Na san muryar Catinca, mai kauri ce kamar ta uwarta. Wannan siririya ce, kuma na taɓa jin ta a ƙofar ɗakin malamai ina cin burodi da cuku. Ban kalli kowa ba, don ina tsoron in ga su ma sun ji.

"Shi ke nan," in ji Smaranda.

"To."

Sai yarinyar ta zauna daɓas a kan dakalin kabarin, kamar wadda ƙafafunta suka gaji da tsayuwa, ta sauke numfashi mai tsawo. Can ta ɗago ta dube mu, ta ce bogdaproste da muryarta ta kullum, ta tambaya ko za ta iya tafiya, an bar mata ban ruwan tumatir.

Bayan sadakar arba'in Inna Tudora ta aiko da zakara dafaffe makaranta. Ta ce ta ga jikarta zaune bakin tagar jirgi tana cin burodi, ba ta yi magana ba, amma a zaune take. Bango ya yi shiru. Catinca ce ta karanta wa 'yan ajinsu babin ƙarshe daga littafinta, da gargada, ba wanda ya yi mata dariya, ta kuma rubuta insha'i a kan haushin da uwar ta ba ta, ta ci maki shida, wanda ba ta taɓa gani ba. Smaranda ba ta sake neman wani kwafin ba. Ta zaɓi wani littafi dabam, na wasu yara da kwale-kwale, ta ci gaba da riƙe babin ƙarshe sai an yi insha'i, don hali zanen dutse ne. Sai dai duk yaron da ya biyo ta ɗakin malamai shi kaɗai ya tambaya, takan tura ƙofa ta gaya masa, ta ce ya je ya rubuta duk da haka. Ta yi wasu shekaru tana koyarwa kafin gwiwa ta hana ta hawa keke ta yi ritaya.

Amma ni ba ritayarta nake tunawa ba. Bazarar da ta biyo bayan rasuwar, mun fito an tashi, muka tarar da Inna Tudora a bakin ƙyauren makaranta da kwandon kasuwa. Ta tsufa a 'yan watannin nan fiye da yadda ta tsufa a shekara goma. Muka gaishe ta, ta amsa, ta ƙi tafiya.

"Malama, ba ta sake zuwa ba."

"Ai haka ake so, Inna. Ta huta."

"Haka ake so," in ji tsohuwar. "Uwarta ba ta kira. Gidan ba kowa. Da can ko ba komai in na rufe ido ina ganinta, ko a tsaye ne, ina yi mata magana tana amsawa. Yanzu in kwanta in tashi, duhu kawai." Ta matso ta kama hannun suwaitar Smaranda, ta rage murya kamar mai neman alfarma a ofis. "Ki duba da kyau, 'yar nan. Ko akwai wani littafin da ba ta ƙarasa ba? Ko ƙarami ne. Ba sai kin yi saurin ba ta ba."

Na tsaya ina addu'a a zuciyata ta ce akwai. Ƙarya ce ta kalma ɗaya, kuma tsohuwar da kanta take roƙon a yi mata ita. Smaranda ta dubi tsohuwar, idonta ya cika.

"Babu, Inna," in ji ta. "Ta gama duka."

Inna Tudora ta saki hannun rigar. Ta ce, "To," ta sunkuya za ta ɗauki kwandonta. Smaranda ta riga ta, ta rataya shi a hannun keke, suka gangara hanyar kogi a ƙafa, tana tura keken a hankali daidai da takun tsohuwar.